Waƙar Ƙarshen Dare: Tudun Wadar Zariya da Abin da Kaset Ya Adana na Makaɗan Maza

A cikin rabe-raben da masana adabin baka suka yi wa kiɗan Hausa akwai rukunin da ake kira waƙoƙin maza, wato waɗanda ake yi wa 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta, waɗanda aikinsu shi ne su tsima wanda ake yi dominsa har ya manta da tsoro ya afka wa abin da mai cikakkiyar natsuwa zai kauce masa. Kayan kiɗansu masu amo ne, kalangu da ganga da talle, muryar mawaƙinsu a sama take, maganarsu kuwa zuga ce da kirari da ambaton jini da kushewa. Da wannan siffa aka san Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mawaƙin ɗan damben nan Shago, da ita aka san Kassu Zurmi, kuma wani abu daga cikinta ya bi Mamman Shata, wanda duk da yake makaɗin jama'a ne, ƙarfin kalangunsa da kaifin zambonsa su suka fi zama a kunnen mutane. Sai dai wanda ya san yadda ake tayar da tsikar jikin ɗan dambe ya san yadda ake kwantar da ita, kuma a cikin abin da irin waɗannan makaɗa suka bari akwai waƙoƙi da ɗiyan waƙa, wato gutsattsarin da ke zuwa tsakanin amshi da amshi, masu sanyi da taushi, na juyayin rasuwa da tuna iyaye da tsoron gamuwa da Allah, waɗanda suka daɗe a gefe kafin 'yan baya su waiwaye su. Yadda suka faɗa gefe da yadda suka dawo yana ƙunshe a tarihin wata sana'a, ta masu ɗaukar sauti da kwafarsa da sayar da shi, da kuma irin unguwar da wannan sana'a ta fi samun gindin zama a cikinta, wadda Tudun Wadar Zariya misali ce a gare ta.

Zariya ta zamanin Turawa gari ne da aka kasa kashi-kashi. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take tare da tsofaffin unguwannin malamai da masu sarauta da masu sana'o'in gado. Akwai Sabon Gari, wanda ya tashi kusa da tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, inda aka zaunar da baƙi waɗanda yawancinsu mutanen Kudu ne. Sannan akwai Tudun Wada, a wajen ganuwa idan an fita ta Ƙofar Doka, tsakanin Birni da kogin Kubanni, wadda ta zama mazaunin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba ne, ƙarƙashin ikon En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Sunan ba na Zariya kaɗai ba ne, domin Kano da Kaduna da Jos da Gusau kowace tana da tata Tudun Wadar. Abin da ya bambanta ta Zariya shi ne ma'aikatun da suka kewaye ta: babban asibitin da daga baya ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa lokacin da aka koma Shika a 2005, da makarantar horar da akawuna ta Kongo da aka buɗe a 1947 wadda ta girma ta zama cibiyar koyar da sha'anin mulki, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945. Waɗannan wurare sun tara mutanen da ba su da gona a kusa, ba su da ubangida a fada, amma suna da albashi a ƙarshen wata, kuma a tarihin kiɗa wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Ana gane girman sauyin ne idan aka dubi tsarin da ke cikin ganuwa, wanda aka yi sa'a masana biyu suka rubuta shi tun yana da sauran ƙarfi. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ya kuma buga nazarinsa a kan roƙo a 1957, sannan David Ames ya zauna da makaɗan Zariya a 1963 da 1964, daga bisani shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da ya fito fili daga ayyukansu shi ne kowane kiɗa yana da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne, taushi da kotso da jauje na masu sarauta, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma a ranar gayya, ƙwarya da shantu kuma na mata a cikin gida. Kowane mai sarauta ko gwanin sana'a yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da ke madadin sunansa, wanda da zarar an buga shi ya san da shi ake. Maroƙi yakan gaji ubangidansa kamar yadda ya gaji gangarsa, ubangidan kuma shi ke ba shi riga da hatsi da doki idan hali ya yi. A irin wannan tsari waƙa dukiyar wanda aka ambata a cikinta ce, shi ke sa a maimaita ta, 'ya'yansa ke neman ta bayan ransa, don haka waƙar da ba a yi wa kowa ba tamkar marainiya take tun ranar da aka haife ta.

Unguwa irin Tudun Wada ta sassauta wannan ɗauri ba tare da ta kwance shi ba. Direba da tela da ma'aikacin asibiti da ɗan kasuwar da ya zo daga Katsina ko Sakkwato ba su gaji maroƙi ba, amma suna iya sayen ambato da kuɗinsu a daren da makaɗi ya sauka, ko a wajen biki, ko a dandalin da aka kewaye da zana ana karɓar kuɗin ƙofa, ko a gidajen mata masu zaman kansu inda goge da kukuma suka fi kasuwa. Daga nan ne makaɗan jama'a suka samu ƙarfi, wato waɗanda ba su jingina da fada ɗaya ko sana'a ɗaya ba, suna yi wa duk wanda ya yi musu alheri. Shata, wanda aka haifa a Musawa ya kuma yi zama mai tsawo a Funtuwa, kusa da Zariya, shi ne babban misali, domin ya ɗauki kalangun mahauta ya yi wa sarakuna da direbobi da attajirai da 'yan siyasa waƙa da shi, har kumbon da ya sauka a kan wata bai tsira daga bakinsa ba. Daga baya Hassan Wayam, mai kukuma, mutumin ƙasar Zamfara, ya yi zamansa a Zariya a kan wannan hanya. Ubangida ya yawaita ke nan, ya zama kowa, amma ƙa'idar ba ta gushe ba: waƙar da ke kawo kuɗi ita ce mai ɗauke da sunan wanda zai ji kunyar a ambace shi bai miƙa hannu ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yadda daren kiɗa yake tafiya, saboda a cikin tsarinsa waƙar mai sanyi take da mazauni. Farkon dare na neman kuɗi ne. Fage a cike yake, sanƙira, wato maroƙin da ke ɗaga murya yana fassara maganar makaɗi yana shelar abin da aka bayar, yana kai da komo, makaɗi kuma yana bin fuskoki yana ambaton wane ɗan wane, kowa na so kyautarsa ta zarce ta wanda ya riga shi. A wannan lokaci kiɗa ba ya sauka ƙasa, don idan ya sauka gasar ta mutu. Amma bayan dare ya raba, masu kyauta sun watse, hannun masu kalangu ya gaji, waɗanda suka rage kuma su ne masu son waƙar don kanta, sai makaɗi ya samu sararin yin abin da ba wanda ya saya. Kalangu kuwa ya dace da wannan fiye da yadda ake zato. Ganga ce mai siririn ƙugu da fata a baki biyu, an haɗa fatun da tsarkiya, wato igiyoyin da mai kiɗa ke matsawa a hammata ko ya sassauta, yana ɗaga sauti yana sauke shi yadda zai bi karin harshen Hausa na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Abin da ke iya kwaikwayon kirari yana iya kwaikwayon magana ƙasa-ƙasa, kuma waƙar Shata ta yabon Annabi, wadda ba ta taɓa ɓuya ba, ta isa shaida a kan haka. Maganar ma ba sai an nemo ta daga nesa ba. Mawaƙin dambe kullum yana tare da mutuwa a bakinsa, yana ambaton lahira don ya firgita abokin karon gwaninsa, kamar yadda waƙar Shago ta cika da haka, kuma tazarar da ke tsakanin ambaton mutuwa don barazana da ambatonta don jimami ba ta wuce saukar da murya ba. Makaɗin da ya shekara talatin yana bin fagage ya binne 'yan amshi da zarata da masu gida da yawa, don haka idan ya fara jera sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, zugar da kanta take komawa makoki. Illar wannan yanki na dare ita ce ba shi da mai nema. Mamaci ba ya kyauta, uwar makaɗi ba ta aiko da mota a ɗauko shi, don haka duk lokacin da aka zo zaɓen abin da za a adana, wannan yankin ake fara zubarwa.

Zaɓen farko faifan garmaho ne ya tilasta shi. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska, alhali waƙar baka ta Hausa ba ta da iyakar da aka yanka mata, tana iya kai rabin sa'a ko fiye gwargwadon yadda fage ya karɓe ta. Makaɗin da aka kai gaban na'ura sai ya matse waƙarsa, abin da zai rage kuwa shi ne amshin da aka san ta da shi da sunan mai ita. Ko da manyan faya-fayai masu ɗaukar kusan minti ashirin a fuska suka zo, kamfanonin da ke Legas irin su EMI da Decca kasuwa suke nema, kasuwa kuma sunan da ta riga ta sani take saye. Wannan ba halin ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Ingila da Amurka akwai nau'in kiɗan da ake kira rok, wanda reshensa mai nauyi ya dogara da gita mai lantarki da ganguna da ƙara mai toshe kunne, kuma masu shi sun gamu da irin wannan tarko na suna. Ƙungiyar Kiss ta Amurka ta saka wata waƙa mai laushi mai suna Beth a bayan ƙaramin faifanta na 1976, a matsayin ciko, sai ma'aikatan gidajen rediyo suka juya faifan suka riƙa sa ta, har ta kai matsayi na 7 a jerin waƙoƙin ƙasar, inda babu wata waƙar ƙungiyar da ta taɓa zarcewa. Black Sabbath ta birnin Bamingam, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa wannan reshe, ta sa wata waƙar rabuwa da aka raka da fiyano, mai suna Changes, a faifanta na 1972, ta zauna a inuwar sauran har zuwa 2003 lokacin da mawaƙin ƙungiyar, Ozzy Osbourne, ya sake rera ta tare da 'yarsa ta hau kan gaba a Ingila. Abin lura, ko da bai wuce dacewa ba, shi ne mai gangar Kiss ne ya rera ta farkon, ta biyun kuma mutuwar auren mai gangar Black Sabbath ce ta haifar da ita. Bambancin shi ne can waƙar tana nan a kan faifai da sunanta da shekararta tana jiran mai juyawa, nan kuwa sau da yawa ba ta kai ga faifan ba ma.

Rediyo ya faɗaɗa ƙofar ta wani gefen, ya ƙuntata ta ta wani. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 ya kuma koma ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya a 1978, ya ɗauki makaɗa masu yawa a kan zare mai tsawo wanda ba ya tilasta yanke waƙa a minti uku, har taskarsa ta zama ɗaya daga cikin mafi girman rumbunan kiɗan Hausa. Amma abin da ke fita a iska ba shi ne duk abin da ke cikin taska ba. Shirin Zaɓi Sonka, inda mai sauraro ke aiko da kati ya zaɓi waƙa ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya tara mabiya har suka kafa ƙungiyoyi a garuruwa, sai dai mutum ba ya zaɓen abin da bai taɓa ji ba, kuma ba ya gaida amininsa da waƙar makoki. Haka zaɓi ya riƙa haifar da zaɓi, waƙoƙi kaɗan na kowane makaɗi suka zama su ne shi a wurin jama'a.

Takarda ma ba ta kawo ɗauki da wuri ba, ko da yake maɗaba'a tana gefen Tudun Wada. Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta NORLA da kamfanin ɗab'i na NNPC da ya biyo baya a 1966 sun buga rubutacciyar waƙa, irin Infiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Aƙilu Aliyu, saboda waƙar malamai tana da daraja kuma ta dace da aji. Waƙar maroƙi, wanda al'umma ke jin daɗin bakinsa tana kuma ƙyamar haɗa zuri'a da shi, sai da jami'a ta tsaya da ƙafarta aka fara rubuta ta da gaske. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ɗalibai suka bi da kundaye. Wannan aiki ya ceci kalmomi masu yawa, amma rubutu ba ya nuna inda murya ta sauka, kuma ɗan waƙar da aka rera da rawar murya da wanda aka rera da tsawa kamanninsu ɗaya a kan takarda.

Wanda ya yi ceton da ba a yi niyya ba shi ne kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma bai cika gidajen Arewa ba sai a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, lokacin da rikoda ta shiga cikin abubuwan da ma'aikaci ke fara saye tare da babur da agogo. Unguwar masu albashi da matafiya irin Tudun Wada ta dace da wannan haja, sai shagunan masu kaset suka bayyana a bakin titi da gefen kasuwa da tashoshin mota, kowane da lasifikarsa a ƙofa, wadda ita ce tallarsa. Jarin sana'ar bai da yawa: rikoda biyu ko na'ura mai baki biyu, da kwalin kaset marar komai, da abin da ya fi duka muhimmanci, wato tarin kaset na asali da ake kira masta, waɗanda mai shago ba ya sayarwa, daga gare su yake kwafa. Wasu mastocin daga faifai aka juyo su, wasu daga rediyo aka tsinto su, wasu daga dilolin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, wadda ta zama cibiyar kwafa ta Arewa, wasu kuma wani ne ya ajiye rikodarsa a gaban makaɗi a wajen biki ya bar ta tana juyawa har zaren ya ƙare. Wannan nau'i na ƙarshe shi ne mafi munin sauti, cike da hayaniya da ihun sanƙira da kukan yara, kuma shi ne mafi daraja ga tarihi, domin shi kaɗai ya kama daren kiɗa yadda yake, har da ƙarshensa.

Sai kuma wata ƙaramar larura ta sana'a wadda ta yi aikin da babu hukumar da ta yi. Kaset yana zuwa da tsawon da aka ƙayyade, mai minti 60 ko mai minti 90, rabi a kowace fuska. Mai saye yakan zo da sunan waƙar da yake so, ta Shago ko Bakandamiyar Shata, idan aka kwafa masa ita sai a tarar da sauran zare, kuma mai shagon da ya san aikinsa ba ya miƙa kaset da fili a ciki, don mai saye zai ga an ƙware shi. Sai ya cike da duk abin da ke biye a kan masta, ko abin da shi kansa yake so na wannan makaɗin. Ta wannan hanya waƙoƙin da ba wanda ya taɓa tambaya suka shiga dubban gidaje da motoci a wutsiyar waɗanda aka tambaya, ba tare da an rubuta sunansu a jikin kwali ba, direban da ya ƙosa ya juya kaset yana jin su a kan hanyar Kano ko Funtuwa har su zauna masa. Ana iya cewa cikon kaset shi ne bayan faifai na ƙasar Hausa. Kuma dole a faɗi ɗaya gefen, cewa daga wannan ciniki duka makaɗi ba ya samun ko kwabo, abin da ya rage masa shi ne sunansa ya yi nisa a gayyace shi biki.

Daga ƙarshen shekarun 1970 iska ta fara juyawa. Wa'azin da ke sukar kiɗa da roƙo ya ƙara ƙarfi, ƙungiyar Izala ta kafu a Jos a 1978, kaset ɗin tafsiri na Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauci da na sauran malamai suka samu babban gurbi a kan kantar da a da ta makaɗa ce da waƙoƙin Indiya. Bayan 1990 finafinan Hausa suka zo da waƙoƙin fiyano, waɗanda mutum ɗaya ke haɗa kiɗansu a ɗaki ba tare da mai kalangu ko ɗan amshi ba, matasa suka koma can. Manyan makaɗan suka yi ta tafiya, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙurar hunturu da laimar damina, yana miƙewa, yana mannewa, yana tsinkewa, kuma idan mai shago ya rasu ko ya sauya sana'a, mastocin da ya tara shekara ashirin sukan ƙare a buhu a bayan ɗaki.

Abin da ya tsira ya tsira ne ta hannun magadan sana'ar. Bayan wayar salula ta shigo a 2001, da kuma zuwan wayoyi masu ɗaukar memori, shagon kaset ya rikiɗe ya zama teburin masu turi, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, da kwamfuta a gabansu suna zuba wa mutum waƙa ko fim ko karatu a waya. Wasu daga cikinsu da wasu masu sha'awa suka juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, kuma a nan ma larurar sana'a ta sake yin aikinta, saboda mai turi ba ya sayar da waƙa ɗaya ɗaya, yakan zuba duk abin da ke cikin jakar makaɗi ne a kan kuɗi kaɗan. Saurayin da ya ce a sa masa Ɗan Anace ko Shata yakan tafi da waƙoƙi masu yawa waɗanda bai san da su ba, kuma yana jin su ne ta abin sawa a kunne, shi kaɗai, a yanayin da ya fi kama da ƙarshen dare fiye da farkonsa. Masu gidan da aka yi wa manyan waƙoƙin sun mutu, sunayensu ba sa motsa shi, gasar kyautar da ta sa aka ɗaga murya ta wuce, don haka kunnensa ya fi saurin tsayawa a kan abin da bai dogara da sanin kowa ba. Daga nan gutsattsarin suka hau YouTube da Facebook da WhatsApp, ana yanko minti ɗaya ko biyu ana yaɗawa da sunan hikimar mazan jiya.

Wannan dawowa tana da nata son kai. Zamanin faifai ya yanke sanyin ya bar zafin, zamanin waya kuma yana neman yanke zafin ya bar sanyin, har mawaƙin da ya ƙare rayuwarsa yana zuga maza su fasa wa juna baki ya fara kama da mai wa'azi a idon wanda bai san shi ba sai ta gutsure. Hakan ya yi wa masu son a wanke makaɗan daga zargin da aka daɗe ana yi musu daɗi, amma ya rage wa waƙar nauyi, domin ɗan waƙar jimami yana samun ƙarfinsa ne daga fitowarsa a bakin da aka saba ji yana tsawa, bayan sa'o'i na kalangu. Ga kuma rikicin suna: fayil ɗin da aka juyo daga cikon kaset ba shi da take, mai turi ne ke laƙaba masa abin da ya ji a amshi, wani lokaci ya jingina shi ga makaɗin da ba shi ya yi ba, kuskuren kuma ya bi kowace waya da aka tura wa. Da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi ba su da ƙarshe, suna yankewa ne a tsakiyar magana, daidai inda zaren wani kaset mai minti 60 ya ƙare a wani shago shekaru arba'in da suka wuce, kuma a haka ake ta kwafarsu.